Kan Jirgin da Aka Tura Daga Bakura

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Talata Mafara ya san Ɗantala, domin ko bai ga fuskarsa ba ya ji nishinsa a bayan mota. Shi ne Sarkin Tura. Ba hukuma ce ta naɗa shi ba, direbobi ne suka haɗu wata ranar kasuwa suka ɗaura masa rawani a gindin bishiyar bedi, shi kuwa ya riƙe sarautar da muhimmanci fiye da yadda masu naɗin suka yi nufi. Aikinsa tun yana saurayi ɗaya ne. Motar da ta ƙi tashi da makulli sai a kira shi, ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta, ya tara majiya ƙarfi, ya sa kafaɗa. In ta ɗauki gudu sai ya daka wa direba tsawa ya ce, “Saki!” Direba ya saki kuloci, mota ta yi tari, ta kama. Yakan ce tunda yake bai taɓa sa kafaɗa a bayan inji ya ba shi kunya ba, kuma har zuwa shekarar da nake ba ku labari babu wanda ya iya ƙaryata shi.

Matarsa Saude tana ƙauyensu Morai, tana ɗinki da wani tsohon keke na ƙafa. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, gidan ya rage daga ita sai shi. Kullum da yamma yakan dawo yana warin baƙin mai, ya kifa turmi ya zauna, ya yi ta ba ta labarin motocin da ya tayar kamar mai zancen jikoki. Ita motoci ba su dame ta ba, muryarsa take son ji a tsakar gidan. A 'yan shekarun nan ta lura labarin yana gajarcewa. Motoci sun koma na zamani, kuma wasu yara sun shigo tasha da wani ɗan akwati da suke jona wa mota ta tashi nan take. Wata rana Ɗantala yakan wuni bai tura komai ba, ya dawo ya ci tuwo shiru.

Ana cikin haka Alhaji Nagode na Bakura ya sayo kan jirgin ƙasa. Wani ne ya gaya masa cewa kan jirgi janareto ne da aka yi wa ƙafafu, shi kuwa injin casar shinkafarsa rashin wuta ya ishe shi. Sai ya je gwanjon tsofaffin ƙarafa ya ɗauko guda, aka kawo shi a kan wata doguwar tirela, tare da 'yan sandunan layin dogo da aka ba shi gyara. Aka sauke shi a bakin fadama, a garin da jirgi bai taɓa bi ba tun da aka kafa shi. Aka taɓa nan aka taɓa can, ko motsi bai yi ba.

Tare da jirgin an zo da wani tsohon bakaniken jirgi daga Ƙauran Namoda, sunansa Mas'udu. Ya leƙa ciki ya fito ya ce baturan sun mutu, sai an samo wasu masu yawa. Alhaji ya ce in dai batir ne matsalar ai da sauƙi, a kira Sarkin Tura.

“Alhaji, wanga ba a tada shi da turi,” in ji Mas'udu. “Ƙahwahunai ba su haɗe da inji ba.”

Jama'a suka yi dariya. A tashar Mafara an daɗe da sanin cewa duk wanda ya ce mota ba za ta tashi da turi ba, raggo ne da ba ya son turawa. Aka yi wa Mas'udu wannan fahimta, aka ba shi fura ya sha, aka sa shi a motar Gusau.

Saude ba ta wurin, a bakin maƙwabciya ta ji sauran. Wai da aka gaya wa Ɗantala abin da baƙon ya faɗa, sai ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa shi, ya tuɓe riga a gaban mutanen Bakura. Sannan ya rantse da Allah cewa ba zai sake kwana a ƙarƙashin rufin ɗakinsa ba sai wannan ƙarfe ya tashi. Saude ta ajiye ɗinkin da ke hannunta. Ta san mijinta, ta san bai iya rantsuwar wasa ba, kuma a ranar ta ji tsoro ƙwarai.

Aka kira gayya. Aka ɗora wani saurayi mai suna Sadi a kujerar direba, saboda shi ne ya fi kowa iya sakin kuloci a tashar, ƙafarsa ba ta taɓa kuskure lokaci ba. Aka tura jirgin iya tsawon layin da ake da shi, wanda bai wuce daga nan zuwa bakin rijiya ba. Ɗantala ya ce, “Saki!” Jirgi ya yi shiru. Ɗantala ya ce gudun ne bai isa ba, gangare ake bukata. To Bakura kuwa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, sai aka yanke shawarar a nemi gangare a gaba. Aka riƙa cire sandunan dogo na baya ana kai su gaba ana shimfiɗawa, a tura jirgi ya hau, a sake komawa baya a ciro. Da haka jirgin Alhaji ya kama hanyar Talata Mafara.

Ni dai ban ga laifin mutanen ba. Lokacin an gama girbi, hannu ya samu sarari, kuma wa zai so a ce an tada jirgi a ƙasarsu ba da kafaɗarsa ba? Kowane ƙauye aka iso sai samarinsa su karɓa, su kai shi iyakar gonakinsu su miƙa wa na gaba. Wani Bafulatani ya ba da aron bijimai. Masu awara da masu shayi suka riƙa bin jirgin, har wani wanzami ya kafa benci a inuwarsa yana matsar da shi kaɗan kaɗan. Wasu ma'aikatan hanya suka tare shi suka ce babu lamba, aka ciro ta wata matacciyar tifa aka ɗaura masa da waya, suka duba suka ce a wuce. Wata tsohuwa mai suna Gimbiya ta hau da ƙullin kayanta ta zauna a gefen inji, ta ce za ta Maradun sunan jikanta, kuma ita tunda Allah Ya kawo jirgi ba za ta ƙara shiga mota ba.

Saude takan dafa tuwo ta hau babur ta kai wa mijinta duk inda jirgin ya kai. Tun tana biyan kuɗin babur mai nisa har jirgin ya matso kusa, ya zo ya wuce ta gefen Mafara, ya fara nisa ta ɗaya ɓangaren. Ranar da suka yi kusa da hanyar Morai ta ce masa ya zo ko ruwa ya watsa a gida. Ya zo, ya yi wanka, ya zauna a kan turminsa, amma da rana ta yi sanyi ya miƙe ya ɗauki tabarmarsa. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Ta sa limamin unguwa ya same shi ya gaya masa rantsuwa tana da kaffara, ya yi azumi ya koma ɗakinsa. Ɗantala ya saurara da ladabi, ya yi godiya, sannan ya roƙi liman ya ɗan sa hannu tunda ya riga ya zo. Liman ya tura har la'asar.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, masu gayya suka fara raguwa. Duk inda aka samu ɗan tudu a hanyar Maradun sai an gwada, Ɗantala ya ce, “Saki,” jirgi ya gangara a hankali ya tsaya. Muryarsa ta dushe. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta, gwiwarsa ta kumbura, wuyansa ya zama kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Saude ta lura ya daina cinye tuwon da take kawowa. Gabas kuma ta fara haɗa gajimare da yamma, shi kuwa yana kwana a fili, ga rufin ɗakinsu da yake yaɓewa kowace shekara kafin damina yana nan ba a taɓa ba. Ba rufin ne ya dame ta ba. Gani take in ruwa ya sauko wa tsohon nan a kan tabarma, gawarsa za a kawo mata Morai.

Wata rana da tsakar rana, masu turi sun kwanta a inuwa, sai Saude ta ga Sadi bai sauko cin abinci ba. Ta ɗaura zane da kyau ta hau matakalar ta miƙa masa kwano. Ta same shi zaune a kujera, ya rame shi ma, ƙafarsa ta hagu a danne a ƙasa. Ta dubi wurin da ya danna. Babu komai sai farantin ƙarfe, wanda tafin ƙafarsa ya goge har yana ƙyalli.

“Sadi, ina abin da kaka saki?” ta tambaye shi.

Sadi ya sunkuyar da kai. “Inna, babu shi. Tun ran farko na duba ko'ina, babu kuloci, babu giya.”

“To in ya ce saki, mi kaka yi?”

“Ɗaga ƙahwa nikai.”

“Tun daga Bakura?”

“Tun daga Bakura, Inna. Ran farko kunya ta hana ni hwaɗi, ga mutane cike. Da munka yi nisa kuma, da wane baki za ni ce ma Sarki babu kuloci? Ya riga ya rantse.”

Saude ta so ta kwaɗa masa marfin kwanon, sai kuma ta ga hawaye a idonsa. Ta ce ya ci tuwonsa, kada ya gaya wa kowa sun yi magana.

Washegari ta shiga mota ta tafi Ƙauran Namoda, ta yi ta tambaya har aka kai ta ƙofar gidan Mas'udu. Bayan sun gaisa, sun tambayi gida da zafi da iyali, ta gaya masa ita ce matar mai tura jirgi. Mas'udu ya tambaye ta sana'arta. Ta ce ɗinki.

“In kin cire igiyar da ta haɗa tayar ƙasa da kan keke, kinka yi ta taka shi, allura na motsi?”

“Ba ta yi.”

“To haka wanga jirgi yake, shi ko ba a taɓa yi mai igiyar ba. Inji na juya janareto, janareto na aika wuta ga ƙahwahu. In kun tura, ƙahwahu ɗai ka juyawa, inji bai san kuna yi ba. Ko Makka kunka kai shi, haka za shi isa yana barci.”

Saude ta ce ta gane. Ta tambaye shi abin da zai tashe shi, ya ce batura, manya, irin na manyan motoci, kuma da yawa, a jona su wuri ɗaya. Ta roƙe shi ya biyo ta. Ya ce mutanen da suka kira shi raggo? Ta ce ba don su ba, don tsohon da zai mutu a bakin hanya. Ya shiga gida ya ɗauko jakar kayan aikinsa.

Ranar Talata Saude ta shiga tashar Mafara, wurin da ba ta taɓa shiga ba sai in tafiya za ta yi. Ta tsaya a gindin bedin da aka yi naɗin, ta sa aka tara mata direbobin manyan motoci. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce ku kuka ɗaura masa rawani kuna dariya, shi bai san wasa kuke ba. Ta dubi ɗaya bayan ɗaya ta tambaya ko akwai wanda mijinta bai taɓa tura motarsa ba. Babu wanda ya ɗaga kai. Ta ce to kowa ya ara mata batirinsa na wuni ɗaya.

A lokacin jirgin ya kai wani tudu kusa da Maradun, inda hanya take gangarawa wajen madatsar ruwa, gangaren da Ɗantala ya daɗe yana sa rai a kansa. Aka sa ranar gwaji. Tun da hantsi manyan motoci suka yi ta zuwa suna jeruwa a bayan tudun, direbobi suka ce kallo suka zo. Da rana ta take Ɗantala ya kwanta a gindin tsamiya ya rufe fuska da hula. Matan Morai da Saude ta gayyato suka fara wucewa ɗauke da manyan kwanoni an rufe da zane, wuyansu yana rawa, suna hawa jirgi suna saukowa. Ɗantala ya ɗaga hular ya dube su.

“Tuwon yau da nauyi,” ya ce.

“Na gayya na, Malam,” in ji Saude. “Koma ka huta.”

Mas'udu yana ciki, ya duba mai, ya zuba gas, ya jona wayoyi. Gimbiya ta matsa masa wuri, ta tambaya ko an kusa Maradun, don an aiko mata cewa jikan har ya fara zama.

Da la'asar aka shimfiɗa duk sandunan da ake da su a kan gangaren. Jama'a suka yi dafifi. Ɗantala ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya sa kafaɗa, mutane suka sa tasu. Jirgi ya motsa, ya fara gangarawa, ya ɗan ɗauki gudu irin wanda bai taɓa yi ba. Ɗantala ya tattara abin da ya rage na muryarsa ya ce, “Saki!” Sadi ya ɗaga ƙafa kamar kullum, Mas'udu kuma ya danna abin da zai danna. Cikin jirgin ya yi wani gurnani mai tsawo, ya ja, ya sake ja, sannan baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, ƙasa ta ɗauki rawa. Mas'udu ya kama birki daidai inda layin ya ƙare.

Wuri ya kaure da kabbara da guɗa. Samari suka zo za su ɗaga Sarkin Tura sama, ya ɗaga musu hannu suka tsaya. Ya koma gindin tsamiyarsa ya zauna a kan tabarma. Saude ta bi shi ta durƙusa a gefe.

“Injin da anka tada da turi, tari yaka fara yi, shi fizge, sannan shi kama,” ya ce, bai dube ta ba. “Wanga bai yi tari ba. Kukan batir na ji.”

Saude ba ta iya yi masa ƙarya, don haka ta gyaɗa kai.

“Tun yaushe kinka sani?”

Ta gaya masa komai, har da ƙafar Sadi da igiyar keke. Ya saurara har ta gama. Ya dubi kafaɗarsa, ya dubi hanyar da suka biyo, wadda sawun sanduna ya yi wa zane har iyakar ganin ido.

“Ashe tun daga Bakura ni kaɗai nika wahala, shi bai ma san ina yi ba,” ya ce. “To mi ya rage? Mota ta samu akwati, jirgi ya samu batir. Tahi gida, Saude. Ni ban san abin da za ni zamna kan turmi in gaya miki ba.”

Wannan ya fi rantsuwar yi mata ciwo. Ta yi duk abin da ta iya, jirgi ya tashi, ga shi kuma mijin nata ya fi ɗazu nisa da gida. Ta zauna dirshan a ƙasa.

Can sai ga direbobi sun taho a jere suna sosa ƙeya, babbansu a gaba. Mas'udu ya kashe jirgin ya mayar wa kowa batirinsa, amma jirgin ya tsotse su tas, ko fitila ba sa kamawa. Yaran masu akwati sun gwada, akwatin nasu na ƙananan motoci ne, ya yi 'yar tsuwa ya mutu. Motoci sun cika bayan tudu, ga hadari ya taso daga gabas.

“Sarki,” in ji babban direban, “motocinmu sun ƙi tashi. Dukkansu.”

Ɗantala bai motsa ba. Daga zaune ya tambaya, “Suna da kuloci?”

“Suna da shi, Sarki.”

“Kun duba?”

“Mun duba.”

Ya miƙe a hankali, gwiwa tana ƙara. Ya nufi ta farko, ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa jikinta, ya nuna wa kowa inda zai kama. Suka tura ta kan gangaren. Ya ce, “Saki!” Motar ta yi tari, ta fizge, ta kama. Saude ta ga bayansa ya miƙe. Ya wuce zuwa ta biyu bai ko tsaya shan ruwa ba.

Yana kan ta tsakiya Alhaji Nagode ya iso daga Bakura, ya yi murna ƙwarai da jin jirginsa ya tashi, sannan ya tambaya yaushe za a mayar masa da shi bakin injin casa, tunda can yake bukatar wutar. Kowa ya juya ya dubi hanyar da aka biyo. Gimbiya ta leƙo ta ce babu inda za a juya sai an sauke ta a Maradun. Ɗantala ya ce wa Alhaji ya nemi Mas'udu, shi aikinsa mota.

Ta ƙarshe ita ce mai bi ta Morai. Saude ta riga ta naɗe tabarmar ta jefa a baya, ta shiga gaba ta zauna ta bar ƙofa a buɗe. Aka tura, motar ta yi tari ta kama, direba ya rage gudu. Ta madubi ta hango shi tsaye a tsakiyar hanya, riga a kafaɗa, yana kallon jirgin. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashi. Sai ta ga ya juyo yana ɗingishi, ya kama ƙofar ya hau, ya zauna kusa da ita yana haki, yana warin baƙin mai.

Motar ta kama hanya. Sai da suka wuce tudun ya gyara murya ya ce, “Kin ga waccan ja ɗin, ta ukku? Ita ta hi ba ni wahala. Bari mu isa gida in gaya miki yadda munka yi da ita.”